Tambaya da Amsa: Shamuwa, Gawo da Hadarin Gabas

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo kusan duk a kan abu guda suke: alamomin da iyaye da kakanni suke dubawa su gane ruwa ya kusa, ko ya kusa ɗaukewa. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani manomi da makiyayi da mai shanya a tsakar gida.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yakan ce in ka ga shamuwa ta sauka, ka fito da iri. Bana yau mako uku ke nan da saukarta a kan tsamiyar ƙofar gari, har ta gyara sheƙa, amma ko ɗigo ba mu samu ba. Shamuwar ce ta canza, ko zamanin? (Manomin gero, daga ƙasar Daura)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shamuwa ba ta canza ba, kuma maganar mahaifinka tana nan daram. Ka lura da abin da ya ce: ka fito da iri. Bai ce ka shuka ba.

Shamuwa tsuntsuwar ƙaura ce. Tana cin rani a gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda ake damina a lokacin da mu muke hunturu. Daga nan take juyowa arewa, ta iso ƙasar Hausa wajen Afrilu zuwa Mayu don ta yi ƙwai. Abincinta fara ce da tsutsa da sauran ƙwari, kuma tana so 'ya'yanta su ƙyanƙyashe daidai lokacin da ƙwarin damina suka yawaita. Kwancin ƙwanta kaɗai yana cin kusan wata guda. Dole ke nan ta riga ruwa isowa. Saboda haka makonni tsakanin saukarta da ruwan shuka ba abin mamaki ba ne, musamman a ƙasarku da ruwa ba ya zama sai cikin Yuni.

Abin da shamuwa take biyowa shi ne iska. Iska biyu ke mulkin ƙasarmu. Ta farko busasshiya ce, daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara. Ita ce ta hunturu, kuma yawancin ƙurarta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Ta biyu mai laima ce, daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika. Iyakar da ke tsakaninsu tana matsowa arewa a hankali tun daga Fabrairu har zuwa Agusta, sannan ta koma. Ranar da wannan iyaka ta wuce garinku ba ranar ruwa ba ce, domin iskar laimar tana shigowa ne siririya, a ƙasa-ƙasa, busasshiyar na kanta. Sai iyakar ta yi nisa arewa da ku da ɗaruruwan kilomita laimar ke yin kaurin da za ta haɗa hadari mai ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa Kaduna take rigan Zariya, Zariya ta riga Kano, Kano ta riga Daura da Damagaram.

To ga abin da za ka haɗa da shamuwa. Ka duba hayaƙin murhu da asuba, ko ka ɗaura ƙyalle a kan dogon kara a fili. In kwana biyar zuwa bakwai a jere iskar safe tana fitowa daga kudu ko yamma ba ta juya ba, laima ta zauna. Jikinka ma zai gaya maka: leɓe ya daina tsagewa, gumi ya daina bushewa, dare ya yi zufa. Ruwan randa ya daina sanyin da ka saba, domin sanyin randa daga bushewar ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yake, kuma in iska ta ƙoshi da laima bushewar takan ragu. Gishiri yakan yi danshi a kwano, fatar ganga ta saki. In waɗannan suka haɗu da shamuwa, ka gama sharar gona, ka kai taki, ka gyara sungumi.

Tambaya: An yi mana ruwa na farko da dare, gari ya waye kowa ya fita shuka. Bara haka muka yi, gero ya tsiro ya ƙone, sai da muka shuka sau uku. Yaya ake gane ruwan shuka na gaskiya? (Daga wani ƙauye kusa da Tasawa, jihar Maraɗi)

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace tsada, domin a nan iri yake ƙarewa. Sama ba za ta ba ka amsarta ba. Ƙasa za ka tambaya.

Da safe bayan ruwa, ka ɗauki fartanya ka je gonar kanta, ba bakin hanya ko kwari inda ruwa ke taruwa ba. Ka haƙa wuri uku ko huɗu: tudun gona, tsakiya, da gangare. Ka duba inda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta tsaya, busasshiya ta fara. Iyakar tana fitowa sarai, launinsu daban. In laimar ba ta wuce tsawon yatsa ba, wannan ruwan kwantar da ƙura ne. In ta kai taƙi guda, wato wajen santimita 20, a duk ramukan, to an sami abin da za a iya jefa gero a kai. Ka ɗebo ƙasar gindin ramin ka dunƙule a hannu. In ta riƙe ba ta wargaje ba da ka buɗe tafi, laimar ta isa.

Wannan awo na dattawa ya yi daidai da na masu bincike. A ƙasar jigawa mai rairayi, kowace milimita ɗaya ta ruwan sama tana jiƙa kusan santimita ɗaya ta ƙasa. Taƙi guda ke nan ya yi daidai da milimita 20. Ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai kuwa shi ne: damina ta kama idan, bayan 1 ga Mayu, aka sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fari na fiye da kwana bakwai ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ka ga rabin farko na sharaɗin kana iya aunawa da fartanya. Rabi na biyu ba wanda ya gan shi tukuna ranar da yake shuka, kuma shi ne ya cinye muku iri bara.

Abin da ke rage wannan haɗari shi ne lokaci da iska. Ruwan da ya zo da wuri ƙwarai, makonni kafin lokacin da garinku ya saba, ya fi yawan yaudara ko da ya yi yawa. Bayan ruwan kuma ka sa ido kwana biyu. In iska ta koma arewa ko gabas, sama ta yi fari fat da ƙura, dare ya yi sanyi, leɓe ya fara bushewa, to laimar ta ja da baya, fari na tafe. In kuwa iskar kudu ta ci gaba, gajimare na tasowa kullum da hantsi, raɓa na sauka da asuba, ana ganin walƙiya a gabas da dare, akwai fatan wani ruwan a kusa.

Yadda tsiron ke mutuwa kuwa: gero yakan fito cikin kwana uku zuwa biyar. A Mayu da Yuni zafin fuskar rairayi da rana tsaka yana haura digiri 50, saman ƙasa ya bushe cikin kwana biyu. In saiwa ba ta sami laima a ƙasa ta bi ba, tsiron ya ƙone. Ga kuma iskar gaban hadari da ke kwaso rairayi ta yanke shi ko ta binne shi. Barin karan bara a kwance a gona yana rage wannan duka.

Shawararmu ita ce kada ka zuba irinka duka a ruwan farko. Ka raba uku, ka shuka kashi ɗaya ko biyu, ka fara da gonar da ta fi riƙe laima. Gero ya fi jure wannan gwaji. Gyaɗa da masara da wake a jira ruwa ya zauna, domin irinsu ya fi tsada kuma ba sa jure fari a farkon tsiro. Takin zamani na yuriya ma a dakata sai shuka ta kafu kuma ƙasa na da laima. Masu binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, su sani cewa babban abokin gabarsu shi ne yayyafi: ya isa ya tada ƙwaya, bai isa ya rayar da ita ba.

Kana iya haɗa ma'aunin ruwa da kanka. Ka sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ka yanke murfin gaba ɗaya. Ka ɗaure shi a tsaye kan turke a fili, nesa da bishiya da indararo, sama da inda awaki za su kai. Kowace safiya ka tsoma busasshen tsinke, ka auna jiƙon da rula, ka rubuta, ka zubar. Roba mai ƙunƙuntaccen baki ko kwano mai faɗin baki ba za su ba da awo daidai ba.

Tambaya: Ina sana'ar shanya, barkono da kuɓewa da garin tuwo. Wani lokaci hadari ya haɗu baƙi ƙirin in kwashe kaya, ya watse ba ruwa. Wani lokaci kuma kafin in ankara ya jiƙa ni. Wane hadari ne na ruwa? (Wata uwargida, Funtuwa)

Amsa: Hajiya, ki fara da gabas. Tun da can Bahaushe ya san hadarin gabas shi ne mai ruwa, kuma haka abin yake, ko da yake iskar laima daga kudu maso yamma take zuwa. Dalili shi ne a sama, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma a lokacin damina, ita ce ke tura manyan hadarurruka. Sukan yi jere kamar bango mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna gudun wajen kilomita 50 a awa. Yawancin ruwan da ake samu a ƙasashen Sahel daga irin waɗannan yake. Hadarin da kika gani a yamma kuwa, galibi ya riga ya wuce ku, ko can ya haɗu kuma gaba zai yi. Sai a tsakiyar marka ne ruwa kan zo ta ko'ina, ya yini yana zuba ba iska ba tsawa.

Ga yadda mai ruwa yake zuwa. Yini ya yi zafi mai zufa, iska ta tsaya cik. Tun azahar gajimare ke tasowa a gabas kamar tulin auduga, kansa fari, yana hawa sama. In kansa ya baje kamar faifai, gindinsa ya yi baƙi ya daidaita, ya nuna. Ki duba ƙarƙashinsa: in akwai labule mai ruwan toka da ya sauko har ƙasa ya rufe bishiyoyin nesa, ruwa ne ke zuba a can. In labulen ya tsaya a rataye bai taɓa ƙasa ba, ruwan yana bushewa ne a hanya saboda iskar ƙasa ta bushe. Irin wannan shi ke kawo iska da ƙura ba ruwa, shi ake kira holoƙo, kuma ya fi yawa a farkon damina da ƙarshenta. Jan bango a gaban hadari ƙura ce. Baƙin da ke bayansa shi za ki duba.

Alama ta ƙarshe ita ce juyawar iska. In ta juyo daga gabas farat ɗaya, da sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wannan iskar daga cikin ruwan ta fito. Abin da ya rage mintuna ne, sau da yawa bai kai rubu'in awa ba. Mai shanya ba ta jiran wannan. Ki kwashe tun gindin hadarin ya yi baƙi a gabas kuma kin fara jin cida.

Akwai lissafi mai sauƙi na sanin nisansa. Da kin ga walƙiya ki fara ƙirga daƙiƙa har ki ji tsawa. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce, domin sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa. Daƙiƙa 30 ke nan kilomita 10, kuma hadari mai gudu zai cinye wannan cikin minti 12 ko kusa da haka. In kin ƙirga sau biyu ko uku adadin na raguwa, gare ku ya nufo. Walƙiyar da ake gani da dare ba a jin tsawarta tana da nisa, domin ba a cika jin tsawa daga fiye da kilomita 20 ba.

Muna roƙon duk mai karatu ya riƙe wannan don ransa, ba don kaya kaɗai ba. In tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, aradu na iya sauka inda kake. A bar gindin bishiya, a bar tsakiyar fili da bakin ruwa, a ajiye fartanya da garma, a shiga ginin kirki. Makiyaya kada su tara shanu a ƙarƙashin bishiya guda. A jira rabin awa bayan tsawa ta ƙarshe kafin a koma.

Duk da haka za ki riƙa kwashe kaya wani lokaci ruwa bai zo ba. Hadari ba ruwa ba ne, alama ce, kuma ruwan damina yakan jiƙa unguwa ya bar ta kusa da ita.

Tambaya: Da gaske ne bakan gizo yana shanye ruwa? (Ɗaliba, Zariya)

Amsa: 'Yarmu, ba ya shan komai. Hasken rana ne ke shiga ɗigon ruwa ya karye ya rabu launi-launi, ya dawo idonki. Amma waɗanda suka faɗi maganar sun lura da wani abu na gaskiya. Bakan gizo ba ya fitowa sai rana tana haskawa a bayanki, ruwa yana zuba a gabanki, kuma rana ta yi ƙasa, da safe ko bayan la'asar. In sama ta rufe ruf da babban hadari, ba hasken da zai yi shi. Ganinsa ke nan yakan zo ne da ruwa mai tsalle-tsalle ko hadarin da ya fara mutuwa, sai mutane suka ɗora masa laifin.

Yana da amfani in kin san gabas da yamma. Na safe a yamma yake fitowa, kuma tunda hadarinmu yamma yake tafiya, wannan ruwan ya ba ku baya. Na bayan la'asar a gabas yake fitowa, wato akwai ruwa a ɓangaren da hadari ke zuwa. In gajimaren da ke bayansa yana ƙara duhu da tsawo, a kwashe shanya. In yana yagewa yana haske, ya ƙare.

Tambaya: In wata ya yi sansani, ruwa za a yi? (Mai gadi, Sakkwato)

Amsa: Malam, zoben nan mai faɗi da ke kewaye wata yana fitowa ne in haske ya ratsa siririn gajimare na can ƙololuwa, wanda ƙanƙara ce ƙanana. Da damina irin wannan gajimare sau da yawa ɓurɓushin kan wani babban hadari ne, don haka yana nuna akwai laima a sama. Shaida ce mai rauni, ba a yanke hukunci da ita ita kaɗai. Da hunturu kuwa in ka ga wata ya dushe ya yi ja-ja, ƙura ce kawai.

Tambaya: A wajenmu ana cewa in gawo ya zubar da ganye damina ta zo, kuma in itatuwa suka yi 'ya'ya da yawa za a yi damina mai albarka. Wanne ne abin dogaro? (Malamin makaranta, Matamaye)

Amsa: Malam, maganar farko ta fi ta biyu ƙarfi nesa ba kusa ba.

Gawo bishiya ce mai saɓa wa sauran: tana kore da rani, ta zubar da ganye in ruwa ya kama, ta sake tohowa wajen ƙarshen damina. Shi ya sa ake cewa ya ƙi ruwan Allah. Saiwarsa tana nitsawa ƙasa ƙwarai har ta kai ga ruwa, don haka bai dogara da na sama ba. Wannan hali ne ya sa manoman Damagaram da Maraɗi suke barinsa a gona: ganyen ya zama taki daidai lokacin shuka, kuma ba inuwar da za ta danne gero. A matsayin alama, yana amfani a baki biyu na damina, zubar ganye a farko, toho a ƙarshe. Sai dai kada a dubi bishiya ɗaya. Wadda aka sassare wa dabbobi da rani takan rikice, ta riƙe ganye har cikin damina. A dubi manya da yawa waɗanda gatari bai taɓa ba.

Haka tohon kuka, da nunar faru da 'ya'yan ɗanya da kaɗanya, duk suna faɗuwa ne a bakin damina. Agogo ne masu kyau, suna cewa lokaci ya yi. Amma ba sa cewa ranar kaza.

Yawan 'ya'ya kuwa labarin baya yake bayarwa. Bishiya tana yin 'ya'ya ne da ruwan da ta sha bara da abincin da ta tara, da kuma yadda furenta ya tsira daga iska da gobarar daji. Mangwaro da kaɗanya ma sukan yi shekarar yawa su bi da ta ƙaranci bisa ɗabi'arsu. Ba mu ga hanyar da bishiya za ta san ruwan Agusta tun a Maris ba, kuma ba za mu ba manomi shawarar ya zaɓi iri a kan wannan ba. Yawan ruwan shekara yana rataye ne da abubuwa masu nisa, musamman ɗumin ruwan tekuna. Don wannan a saurari hasashen shekara da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara a Najeriya, da na cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin farkon shekarun 1970. Su ma hasashe ne na yanki, ba na gona ɗaya ba. Amfaninsu shi ne zaɓen iri: in an ce damina za ta makara ko ta gajarta, a nemi mai saurin nuna.

Tambaya: Kakana yana lissafin damina da taurari, yana cewa yau Zira'a ta shiga, gobe Nasara. Wani ya ce mini wannan shirka ne. Ina gaskiyar take? (Matashi, Gusau)

Amsa: Ɗanmu, bari mu fara da abin da kakanka yake yi. Lissafin manzilolin nan 28 ne, wato masaukan wata a cikin taurari, da malaman hisabi suka gada daga Larabawa. Kowane tauraro kwana 13 ne, sai Jabha mai 14, jimla 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Na damina su ne Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, kwana 92 ke nan. Dalilin da manomi ya riƙe su a fili yake: shekarar watan Musulunci tana gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka watan da ya faɗo a damina bana, bayan wasu shekaru a rani zai faɗo. Taurari kuwa suna tafiya da shekarar rana. Kalandar noma ce tun kafin ta bango ta zo.

Wanda bai yi karatun hisabi ba ma yana da nasa. Tarin taurarin nan da ake kira Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya, yakan ɓace a yamma bayan magariba wajen farkon Mayu, ya yi kusan kwana 40 ba a ganinsa, sannan ya ɓullo a gabas kafin asuba cikin Yuni. A yawancin ƙasar Hausa wannan tazara ita ce ta shirin gona da ruwan farko.

Tauraro dai ba ya kawo ruwa kuma ba ya hana shi. Kaza ta ɓace ta dawo a kan lokacinta a 1973 da 1984, shekarun da fari ya halaka amfanin gona da dabbobi, kamar yadda ta yi a shekarun ambaliya. Abin da lissafin ke faɗa shi ne inda ake a cikin shekara: ko lokacin shuka dawa ya wuce, ko sauran kwana nawa marka ta shigo.

Ta fuskar addini, hadisin Zaidu ɗan Khalid da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza, ya kuma yabi wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarSa. Malamai sun bambanta tsakanin mai jingina ruwan ga tauraro a matsayin mai yi, da mai ambatonsa a matsayin lokaci, kamar ka ce an yi ruwa a watan Agusta. Alƙur'ani kansa, a Suratul A'araf aya ta 57, ya ambaci iskoki a matsayin bushara gabanin rahamar Allah. Duba alama ke nan ba da'awar sanin gaibu ba ne. Ka gyara lafazi, ka ce a cikin Nasara, kada ka ce saboda Nasara. In zuciyarka ba ta natsu ba ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa. Ka kuma zauna da kakanka ka rubuta lissafin nan da abin da yake cewa a kan kowane tauraro, domin masu riƙe da shi da ka suna ƙaranci.

Tambaya: Tururuwa na kwasar ƙwai, kwaɗi na kuka, tsattsewa na yawo ƙasa-ƙasa. Waɗannan fa? (Makiyayi, Haɗeja)

Amsa: Dukkansu laimar da ta riga ta shigo suke ji, don haka alamun kusa ne, na yini ɗaya ko biyu. Tururuwa takan kwashe ƙwanta in danshi ya canza a raminta, amma takan yi haka in an taka ramin ko abinci ya ƙare. Tsattsewa ƙwari take bi. In sun yi ƙasa ta yi ƙasa. Kwaɗi da shinge da ƙadandoniya da jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski, yawanci bayan ruwa suke fitowa, ba kafinsa ba. Fitowar shinge da yawa da dare tana da amfani ta wata fuskar: shaida ce cewa ruwan ya ratsa ƙasa sosai. Su ma shanunka in suka ɗaga hanci suna fuskantar wani ɓangare, ƙanshin ruwan da ya sauka a can iska ta kawo musu.

Tunda a bakin kogi kake, ka riƙe wannan: ambaliyar fadama ba ta da alama a saman garinku. Ruwan da ya sauka a ƙasar Kano, da wanda aka saki daga madatsun Tiga da Challawa, yana iya isowa Haɗeja rana na haskawa. Launin kogi da tarkacen da yake ɗaukowa da sanarwar rediyo su ne abin dubawa. Ka kafa sanda a bakin ruwa da yamma, ka duba da safe.

Tambaya: Yaya zan gane ruwa ya kusa ɗaukewa? Ina da gyaɗa da wake a gona, ina tsoron in cire ruwa ya dake su, ina tsoron in bari ƙasa ta ƙanƙame. (Manomiya, Dawakin Tofa)

Amsa: Hajiya, alamomin ƙarshe su ne na farko a juye. Bayan marka sai zafin agazari ya shigo, rana ta yi ƙuna. Tazarar da ke tsakanin ruwa da ruwa ta ƙaru. Hadari ya koma na dare, iska da tsawa sun fi ruwan yawa, har a kai ga holoƙo hadarin kaka. Raɓa ta yi nauyi da asuba. Gawo ya fara toho, shamuwa su taru garke-garke su tafi. Hujja mafi ƙarfi ita ce iska: in ta fara juyowa daga gabas ko arewa da rana, sararin sama ya yi fari-fari a gefe, ruwan randa ya dawo da sanyinsa, laima tana janyewa. A ƙasar Kano wannan yakan faru daga ƙarshen Satumba zuwa cikin Oktoba. Arewa da ku ya riga haka, kudu ya biyo baya.

Amma gyaɗa ba sama ake tambaya ranar cire ta ba. Ki tuge gindi biyar daga wurare daban-daban na gonar, ki ɓare kwanson. In cikin ɓawon ya yi duhu-duhu a bakwai ko takwas cikin goma, ƙwayar ta cika ta yi launinta, ta nuna. Ki cire tun ƙasa na da sauran laima. In kika jira ta bushe, musamman a ƙasa mai laka, 'ya'yan za su tsinke su zauna a ciki, waɗanda suka fito kuma su farfashe. Gyaɗar da ta nuna aka bar ta ruwa ya sake dukanta kuwa, irin da ba ya barci, wato mai tsirowa da zarar ya ji laima, yakan tsiro a cikin ƙasa.

Bayan cirewa kada a tara ta tuli guda da ɗanyen ganye, zafi da danshi za su sa ta fumfuna, kuma fumfunar gyaɗa tana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta. A kifa ta 'ya'yan suna sama, jere-jere, iska na ratsawa. A ajiye tamfol ko leda a kusa don ruwan bazata, a rufe in hadari ya taso, a buɗe da zarar ya wuce; barin ta a rufe cikin rana ya fi ruwan illa. In an tsinke, a shanya a kan tabarma ko daɓe, ba a kan ƙasa ba, har sai kin girgiza kwanso kin ji ƙwayar na kaɗawa, kin ciza ta karye ƙwas. Wake kuma a riƙa roronsa kashi-kashi da zarar kwanso ya bushe, bayan raɓa ta ɗauke da hantsi, kada a jira gonar ta bushe gaba ɗaya.